Macijin ƙarƙashin gado

'Yan uwa, yau surukata ta kashe maciji a ɗakina, har ta ɗanɗana shi!

Ranar Litinin na sayo abarba a kasuwar Dembe. Na jiƙa ɓawonta da sukari da citta, na tace na ɗura a gorar roba don ya yi gas da kansa. Maƙwabciyar da ta koya mini ta ce in riƙa sassauta murfin kullum. Ni kuwa na tura gorar ƙarƙashin gado, na manta.

Ɗazu da azahar jaririyata Ummi tana barci a kan gadon, sai na ji "sssss". Kun dai san unguwarmu Lamaji da macizai. Na kasa ko ɗauko 'yata.

Na ce, "Hajiya, maciji!"

Surukar tawa ta shigo da taɓarya, ta sunkuci Ummi ta miƙo mini. Ta ce, "Matsa can, uwar tsoro."

Ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta dankara taɓaryar ƙarƙashin gadon. Fau! Kumfa har cikin kunnenta.

Na ƙanƙame Ummi ina jiran faɗa. Hajiya ta lashi leɓe, ta dube ni.

Ta ce, "Macijin naki citta ta yi masa yawa."