Minti Goma Sha Tara

Shekara ashirin da shida Baba yana tura gadon marasa lafiya a asibitin da nake likita. Ya san gadon da ƙafarsa ke karkata hagu, ya san ƙofar da sai an sa mata kafaɗa take buɗewa, ya san ramin da ke barandar ɗakin haihuwa, inda yake rage gudu don kada wadda aka yi wa ɗinki ta ji jijjiga. Da wannan turin ya kai ni makarantar likitanci. A gida Uwata yake ce mini. A asibiti kuwa Likita, har da ɗan rusunawa, ni kuma in gyaɗa kai in wuce. Ba mu taɓa zama mun shirya hakan ba. Ranar da na fara aiki na gan shi cikin shuɗiyar rigarsa na kau da kai, ya gane, shi ke nan.

Bara aka sa ni a kwamitin rubuta ƙa'idar amfani da wani farin ruwan mai da ake sa wa ta jijiya, wanda ma'aikata ke ce wa madara. Idan allurar kashe zafi ta kuskure ta shiga jini ta taɓa zuciya, shi ake hanzarin ɗaura wa mutum. Wata bakwai muna zama. Mun yi musu kan yawan da za a ba mai ƙiba, mun yi kan mai ciki, mun yi kan ko a gwada shi ga wanda ya sha ƙwayoyi fiye da kima, tunda hujjar can ba ta da ƙarfi. Kai, har kan girman rubutun da za a manna a bango mun ɓata sati biyu!

Wata rana Baba ya kawo mana ƙarin kujeru. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hannu, ya ce, "Likita, wannan madarar, a ina za a riƙa ajiye ta?"

Wani abokin aikina ya yi dariya. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce, "Malam, taro muke yi." Malam fa na ce wa ubana.

Da muka gama rubutu, shugaban kwamitinmu, wani farfesa, ya ce a yi gwaji da mutum-mutumin roba a ɗakin tiyata, a ga minti nawa kwalbar za ta yi kafin ta iso. Ni na ba da shawarar kada a gaya wa ɗan aike cewa gwaji ne, don ya yi gudun gaske. Ban tambayi wa ke bakin aiki ba.

Ranar gwajin, nas ta leƙa waje ta yi ihu, "Madara, maza, zuciyar wata mata ta tsaya!" Sai na ji ƙarar takalman da na sani tun ina rarrafe.

Muka tsaya muna kallon agogo. Kwalbar tana babban sito, a wani ginin daban, hawa na uku. Lif ta lalace. Mai makulli ya tafi cin abinci. Duk wannan daga baya muka ji. Abin da muka gani kawai shi ne dattijo ɗan shekara sittin ya faɗo ɗakin bayan minti goma sha tara, wandonsa ya yage a gwiwa, jini na bin ƙaurinsa, ya rungume kwalbar a ƙirji. Ya dubi gadon da aka lulluɓe, ya ce, "Na makara ko? Ta cika?"

Nas ta yaye zanen. Ya daɗe yana kallon robar. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige.

Farfesa ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, kai da ka san hanya, me ka gani?"

Yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san magani ba. Amma abin da ake nema da gudu ba a kai shi sama a kulle. Ku sa ɗaya a nan, ɗaya a ɗakin haihuwa, ɗaya a ɗakin gaggawa, a akwatin da ba makulli. Sau biyu na yi wannan gudun a baya, kuma ba roba ba ce."

Shafi goma sha huɗu muka rubuta, babu layi ɗaya da ya faɗi haka. Farfesa ya ce a mai da shi layin farko, a kuma sa sunan dattijon cikin waɗanda suka yi aikin. Ya juyo gare ni, tunda ni ke riƙe da biro. "Tambayi sunansa ki rubuta."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Na san sunansa. Mahaifina ne."

Wanda ya yi dariya rannan ya shiga duba takalminsa. Na zaci Baba zai dube ni, ko da harara ce, na fi son hakan. Sai ya miƙe a kan gwiwar nan mai jini, ya rusuna wa farfesa.

"Kada ku ga laifinta, ranka ya daɗe," ya ce. "Ni na hana ta faɗa."

Bai taɓa hana ni ba.