Jakar Juma'ar Farko

Shekara uku na yi ina cin jakar Juma'ar farko, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinta.

Na gama karatu a Alƙahira a 2011, shekarar da gari ya hargitse, ofisoshi su buɗe yau su rufe gobe. Takardar shaidata ta maƙale, tallafin karatu kuma ya tsaya tun ranar da na ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe. Komawa gida ba takarda kuwa ba ta ma taso ba. Sai aka kai ni wurin Baba.

Baba tsohon tela ne, Bahaushen Sudan, yana da ɗan shago a unguwar Hayyin Ashir wanda in mutum uku suka zauna sai na huɗu ya tsaya a ƙofa. Shi ke kula da jakunkuna. Duk Bahaushen da ya gama karatu bai samu abin yi ba, ko aikinsa ya mutu, Baba zai ɗinka masa jaka da ragowar yadi. Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, ka zo da ita ba komai ka tafi da ita cike: shinkafa, taliya, mai, sukari, ganyen shayi, sabulu, da ɗan ambulan na kuɗin ɗaki. Tawa shuɗiya ce mai hannu rawaya. Ranar da ya miƙo mini ita ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne, ɗana. Ranar da hannunka ya karɓi ladan aiki, ka dawo mini da ita. Wanda ya dawo da ita kuma ba ya sake ɗauka."

Ban taɓa tambayar daga ina kayan suke fitowa ba. Na ɗauka wasu alhazan gida ne suke aiko da zakka, har nakan yi musu addu'a idan na tuna.

Takardata ta fito tun kafin shekara ta zagayo. Na sa ta ƙarƙashin katifa, duk wanda ya tambaya in ce saura hatimi ɗaya. Rayuwa kuwa ta kwanta mini. In koma barci bayan asuba, in tashi da hantsi in sayo wake da gurasa mai zafi, in yi karatun da ba wanda zai jarraba ni a kai, da la'asar in zauna a wurin mai shayi ina gyara wa 'yan ƙwallo kurakuransu a talabijin. Har na fara tumbi, ni da aka sani kamar sandar rake.

Abokin ɗakina ɗan Damagaram ne, mun shigo ƙasar shekara ɗaya. Shi tafinta yake yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida neman magani. Ya fita tun da sassafe, ya dawo ƙafa duk ƙura, hammata cike da hotunan ƙirjin mutane. Ɗan dakon asibiti nake kiransa. Idan ya dawo a gajiye sai in zuba masa shinkafa ina cewa, "Ci, ci, kada ka ji komai, Allah ne ya kawo." Shi kuwa ya ci yana murmushi, ya ce in zo mu riƙa fita tare, mutane sun yi masa yawa.

Ni kuwa na gama tunanina. Aikinsa wata ɗaya a samu, wata ɗaya shiru. Jaka kuwa ba ta taɓa saɓa alkawari ba. In na karɓi ladan kwana uku na rasa ta har abada, wa gari ya waya? Akwai kuma girman kai a ciki, yanzu ne nake iya faɗa. Ina ganin mai digiri irina bai kamata a gan shi yana riƙe wa wani kwalbar fitsari ba.

Wata safiya a tsakiyar zafin 2014 abokin ɗakin nawa ya tashe ni. Mutum biyu sun haɗe masa lokaci ɗaya. "Ma'alish, yi haƙuri, ka raka mini wata Hajiya unguwar Ma'adi, wurin likita. Yau kaɗai." Na ce zan je don Allah, amma ko sisi ba zan karɓa ba. Ya ce tamam.

Hajiyar tsohuwa ce daga ƙasar Katsina, ta rame har mayafi ya yi mata yawa. Mijin 'yarta ne ya kawo ta, domin 'yar tana jego a gida. Alhajin mutumin kirki ne, ɗan kasuwa, yana da ɗan Larabcin aikin hajji, da shi suka yi ta lallaɓawa mako biyu. An ɗauki hoton gwiwa, an sake ɗauka, ba a ga komai ba. Likitar, wata Bamisiriya mai saurin magana, ta ce in tambaye ta ina ke ciwo. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce gwiwa. Amma na lura hannunta ba ya barin mararta, kuma tun shigowarmu ba ta ɗaga ido ta gefen da Alhaji yake zaune ba. Haka kakata ta wajen uwa take yi idan mahaifina ya shigo gida.

Na ce, "Alhaji, likita za ta so Hajiya ta sha ruwa da yawa. Ko za ka sauka ka samo mana?" Yana fita na juya kujerata na fuskanci bango. Na ce, "Mama, ni ba na ganinki, kuma ban san kowa a garinku ba. Faɗi abin da ke damunki."

Sai ta fara, a hankali. Wata bakwai tana zubar da jini. Ta yaya za ta faɗi wannan a gaban suruki? Ta gwammace a yi ta ɗaukar hoton gwiwa har kuɗinsa su ƙare. Ina kallon bango ina mayarwa da Larabci. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Mako biyu! Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ban fassara wannan ba.

Yau kaɗai ɗin nan sai da ya zama mako uku, har aka yi mata aiki ta tashi. Na riƙe kwalbar fitsarin ma, kuma digirina bai rage ba. Ranar da za su tafi Alhaji ya cusa mini ambulan a aljihu. Na fara cewa a'a, sai Hajiya ta ce, "Karɓi, ɗan nan. Irina suna nan tafe da yawa, ka tsaya musu."

Kwana biyu ambulan ɗin yana aljihuna. Ba wanda ya gani, kuma Baba ba ya bincike. Zan iya yin shiru in ci biyu. Na ji tsoron rabuwa da jakar nan ƙwarai, amma na kasa. Ranar Juma'a, wadda ta zo daidai da Juma'ar farko ta wata, na naɗe ta, na tafi shagon tun da hantsi don kada masu karɓa su gan ni.

Ban taɓa zuwa a wannan lokacin ba. Na tarar an ture keken ɗinki gefe, mutum uku sun durƙusa suna raba kaya a leda. Akwai mai wanki, akwai mai aiki a gidan abinci. Wanda ke auna shinkafa kuwa abokin ɗakina ne, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Na miƙa wa Baba jakar. Ya juya ta, ya duba ɗinkin hannun, ya ce ta yi ƙarko. Na ce, "Baba, su waɗannan fa? Ba alhazai ne ke aikowa ba?"

"Waɗanne alhazai? Waɗanda suka dawo da tasu su ke cika ta saura."

Na dubi abokina. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara uku ina zuba masa shinkafar da ya saya da guminsa, ina ce masa kada ya ji komai. Ya fashe da dariya har kwanon awo ya kusa suɓuce masa. "Ai ka iya girki," ya ce, "shi ya sa ban yi magana ba. Khalas, ya wuce. Yalla, zo ka kama sukari."

Na cire takalmi na durƙusa kusa da shi. Ban taɓa jin daɗin wata Juma'a kamar wannan ba. Da aka sauko daga masallaci wani sabon zuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin shigowa, Baba ya miƙa masa shuɗiyar jaka mai hannu rawaya. Ni na zuba masa sukarin.