Matar da 'yan sanda suka ja

Shekarar da yaƙin ya wuce Gaza ya fara taɓa ƙasashen da ke kewaye, kasuwa ta yi sanyi a unguwarmu Misfala, kusa da Harami. Ana ta soke tashin jirage, masu Umara suka ragu, ni kuwa akwatuna nake sayarwa, kayan mai komawa gida. Sai na riƙa rufe shago da wuri in hau sama wurin Inna, mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya hana ta ko zuwa Harami.

Talabijin ce abokiyar zamanta. Tun tana budurwa suka zo daga Sudan, amma Larabcin masu karanta labarai bai zauna mata ba, ni ke fassara mata. Na gaji da aikin nan. Kullum gini ya rufta, kullum a fito da yara a bargo, ni kuma in nemo Hausar da zan faɗa.

Wata la'asar aka nuno titi maƙil da jama'a, da ganguna da alluna. 'Yan sanda suna jan wata mata mai furfura a ƙasa, takalminta ɗaya ya fita, tana rungume da hoton wani saurayi.

"Ina ne kuma nan?" in ji Inna.

"Isra'ila ce. Mutanensu ne ke cewa gwamnatinsu ta tsayar da yaƙi."

"Su da kansu?"

Kafin in amsa ƙanena ya shigo. Direban bas ɗin alhazai ne, haihuwar nan, idan ransa ya ɓaci rabin maganarsa Larabci ce.

"Ya Ummi, kada su ba ki tausayi. Nasu suke wa kuka, ba yaran Gaza ba. Jiya a tashar nan aka ce yawancinsu so suke a ci gaba."

Na ce masa na ji akwai samarinsu da suka ƙi shiga soja har aka ɗaure su.

"Su nawa?"

Ban sani ba, na kuwa faɗa masa haka. Ya ce to in daina ruɗa tsohuwa. Na ce ba ni na ɗauko hoton ba. Muka ɗaga murya, abin da ba mu saba yi a gabanta ba.

Inna ba ta kula mu ba. Da muka yi shiru ta ce, "Ɗanta ne a hoton?"

Rubutun da ke jikinsa ba na Larabci ba ne, ba kuma wanda ya fassara shi. Ko soja ne, ko wanda aka kama, ko yana raye, ba mu sani ba.

"Ƙanwata ta Omdurman, can Sudan, tun da nasu yaƙin ya tashi ban ji muryarta ba," in ji ta. "Ni ko hotonta ba ni da shi." Ta ce in miƙo mata butar alwala.

Ba a sake nuno matar ba. Washegari aka harba makamai daga wata ƙasar, labarai suka koma can. Ni da ƙanena muka yi kwanaki muna gaisuwa sama-sama, har ranar da kamfaninsu ya ajiye rabin motocinsa, har da wadda yake tuƙawa. Ya zo shagona ya zauna a kan wani akwati, ya ce in yi masa magana da maƙwabcina mai haɗa ma'aikatan tantunan Mina, ko za a samu gurbi idan aikin Hajji ya zo. Na ce zan yi. Na aika a kawo mana shayi.