Tofin Malam Sani a Kan Baƙin Gilashi

Ko daga barci aka tashe ni, zan faɗi yadda ranar nan ta kasance, ranar da babban gilashinmu na farko ya fito. Ku sababbin shiga, ku matso ku ji dalilin dokar da ake faɗa muku a bakin ƙofa.

Ni Kulu, mutuniyar Bilbis, ban yi boko ba. Aikina a ɗakin nan na Damba wankin gilashi ne: a wanke da sabulu, a ɗauraye, a busar, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Shugabarmu Injiniya Rabi, ɗiyar Rawayya, ita ke haɗa tawadar da ake shafa wa gilashin. Sunanta ferobsikayit, mu dai tawada muke cewa. Idan aka shafa ta aka gasa, sai ta yi baƙi, ta sha rana ta ba da wutar lantarki. Da dalma mai guba a cikinta, kuma mu a ƙasar nan ba ma wasa da dalma, shi ya sa kowa da safar hannu. Babban maƙiyinta danshi. Kafin a liƙe ta da wani gilashin, ko numfashi ba ta so, don haka kowa da takunkumi.

Da farko ƙanana muke yi, kamar kwalin ashana, suna kyau. Amma abin da ake nema babba ne kamar murfin taga, wanda za a ɗora kan rufin mutane. A nan aka sha wuya. Injin da ke shafawa ya ja tawada da askarsa, ta fito zane-zane, nan kauri, can huji. Damina guda muna zubarwa. Ga shi masu duba aiki za su zo ranar Alhamis, su ne za su ce a ci gaba ko a rufe ɗakin.

To, ranar Litinin da hantsi, kakar bara waccan, Allah Ya yi. Gilashi ya sauko daga wuta baƙi wuluk, daga gefe zuwa gefe, babu tabo. Na ga fuskata a ciki! Injiniya ta rasa inda za ta sa hannunta, ni kuwa na yi guɗa a cikin takunkumi har ya jiƙe, na gudu waje.

A waje na tarar da baƙo: Malam Sani, mahaifinta, ya zo daga Rawayya da damin sabon gero. Tun da ta fara aikin bai taɓa takowa ba, yana cewa ɗiyarsa ta koma shafa wa madubi shuni. Murna ta ɗebi Injiniya, ta sa masa takunkumi da hannunta, ta kai shi ciki.

Dattijo ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya yi addu'a mai tsawo, muna amin. Da ya gama, ya janye takunkumin, ya sunkuya, ya yi wa gilashin tofi, kamar yadda yake yi wa jariri da irin shuka. Babu wanda ya motsa. Wa zai riƙe bakin uba yana sa albarka? Ina kallon Injiniya, ta durƙusa ta ce amin.

Kafin ya kai ƙofa, ɗige-ɗige ruwan ɗorawa sun fara fitowa a kan baƙin. Shi bai gani ba. Yana fita yana cewa zai kwana Gusau, duk wanda aka yi a kira shi ya tofa.

Injiniya ta ja ni gefe. Ta ce tawadar da ta rage ta gilashi ɗaya ce, kuma ita bakinta ba zai iya gaya wa mahaifinta tofinsa ya ɓata gilashin ba, ranar da ya fara yarda da aikinta. Na ce ta bar ni da shi, furfurarmu ɗaya.

Na same shi gindin darbejiya, na gaishe shi, na ɗauko masa gilashin na ajiye gabansa. Na ce abin nan ɗanye ne, kamar gishiri yake, danshi kaɗan ya narke. Ya dubi ɗige-ɗigen, ya dube ni.

"Inna Kulu, bakina ne ya yi wanga?"

"Awo, Malam. Addu'ar ta karɓu, yawun ne bai karɓu ba."

Sai ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru yana tofi, bai taɓa ganin wanda ya amsa nan take ba sai madubin Rabi. Ya ce a kawo masa tabarma bakin taga, daga nan zai yi tasa, mu yi tamu.

Washegari na wanke gilashi kamar ban taɓa wanki ba. Injin ya ja tawadar ƙarshe, Malam na waje da carbi, ya manna goshi a taga. Aka gasa. Baƙi wuluk! Aka ɗora masa sauran shafe-shafensa, aka rufe da gilashi, aka liƙe gefensa da gam. Ranar Laraba muka fitar da shi tsakar gida, Injiniya ta jona waya da fanka. Fanka ta yi kamar tana shawara, sai ta ɗauka, ta kaɗa gemun Malam.

Injiniya ta durƙusa ta ce, "Baba, yanzu tofa."

Ya tofa, ya goge da hannun rigarsa, fanka ba ta tsaya ba. Da masu duba aiki suka zo, fankar ce ta yi musu fifita, suka ce a ci gaba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ƙauna ma tana iya ɓata kaya idan ta zo kafin lokacinta, kuma ba a korar ta, wuri ake ba ta. Shi ya sa dokarmu take haka: a liƙe tukuna, sannan a tofa. Malam yana zuwa har yau, da tabarmarsa.