Ruwan da Baba Bai Ji Ba

Babana bai taɓa sa takalmi a cikin jirgi ba. Fito yake yi, daga Wara zuwa ƙauyukan tsallaken kogi, kuma tafin ƙafarsa ne ke gaya masa idan katako ya fara yoyo. Kafin kowa ya ga ɗigo ya riga ya miƙa ƙwarya ya ce a kwashe.

Wata ranar kasuwa ina cikin jirgin, zan koma makarantar da nake koyarwa, sai wata mai albasa ta ɗaga buhunta ta ce, "Baba, ba ka jin ruwa? Ya kai ma idon sau." Ya sunkuya ya duba. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta ranar ba. Muka kwashe, muka kai gaci lafiya.

Da ƙyar na ja shi asibiti a Yelwa, don taurin kai gare shi, ni ma a wurinsa na gada. Likita ta tsikare shi da allura a babban yatsan ƙafa, shi kuwa yana ta kallon taga. Bayan gwaje-gwaje ta yi mana bayani. Jijiya guda tana tasowa daga gadon baya har yatsa, kuma a can sama ake haɗa kayan gyaranta. A cikinta akwai wasu ƙananan halittu na furotin, ana ce musu kainesin, masu ƙafa biyu, suna ɗaukar kayan suna takawa kan siririyar hanya har ƙarshe. Na Baba sun raunana, kuma wurin da ya fi nisa shi ke fara rasa kaya.

"Na gane," in ji Baba. "Ƙauyen da ya hi nisa shi aka fara yanke ma jirgi." Ya tambaya ko ana iya ƙaro wasu, ta ce a'a. Sannan ta juyo gare ni ta ce, akwai mai irin wannan a danginmu? Na tuna kakana da yake jan ƙafa, kowa na cewa tsufa ne.

Baba ya bar wa ƙanensa jirgin, ba wanda ya sa shi. Ya ce ba zai ɗauki ran mutane da ƙafar da ba ta magana ba.

Ni kuwa tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Duk hutun da na zo gida nakan sauka bakin ruwa da safe, in cire takalmi in shiga, ina jiran sanyi ya kama yatsuna. Na zaci ba wanda ya lura. Rannan na waiwaya, sai ga Baba zaune kan wani kifaffen jirgi, sandarsa a gefe.

"Kana ji?"

"Ina ji, Baba."

"Da sanyi?"

"Da sanyi sosai."

Ya gyaɗa kai. Na juya zan fito, ya ɗaga mini hannu.

"Dakata kaɗan," ya ce. "Ka ji min."