Kujerar da Aka Yi da Tsohon Awo

Mai Awo ake ce mata, don tun tana yarinya ba a ganinta babu tef ɗin awo rataye a wuya. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta tela. Shagon Baba yana ƙofar gida, keken ɗinkin Inna yana ciki, ita kuwa tana kai da komo a tsakani, kanta duk garin katako, hannunta cike da ƙyallaye. Da Baba ya rasu, yayanta ya riƙe shagon, ita ta zauna kusa da Inna ta koyi ɗinki.

Da ɗinkin ta fara suna. Ba ta taɓa auna mace a tsaye kawai ta sallame ta ba. Sai ta ce, "Zauna mu gani, ai ba a tsaye za ki wuni ba." A nan ta lura ba kullum riga ce mai laifi ba. Sau da yawa rigar ta zauna daidai, kujerar ce ke wahalar da mai ita. Ran nan ta shiga shagon yayanta da zanen kujera a bayan kwali.

Ya duba, ya ce, "Ke da allura, ina ruwanki da zarto?"

"Kai da zarton, ka taɓa tambayar mai kujera tsawon ƙafarsa?"

"Kujera ai kujera ce."

"Shi ya sa matarka ta fi son tabarma."

Ya yi dariya har da tari, ya karɓi kwalin. Daga ranar suka haɗa aiki, tana zanawa tana lulluɓewa da yadi, shi yana yankan katako yana haɗawa. Doka ɗaya ta kafa: ba ta yi wa mutum kujera sai ta durƙusa a gabansa ta auna shi, daga dunduniya zuwa bayan gwiwa, daga ƙugu zuwa kafaɗa. Takan ce in dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba, mutum bai zauna ba, rataye shi aka yi.

Aiki ya karɓu. Manyan otal suka neme ta, aka buga hotunan rigunanta da kujerunta a mujallu, aka gayyace ta ƙasashen waje ta baje kolinsu. Ta je ta dawo yadda take, da silifas ɗinta da allin da take maƙalewa a bayan kunne. Kullum sai ta manta da shi, ta yi ta nema tana zargin mutane.

Mutum ɗaya ce ba ta samu kujera ba, Inna. Ita ta fara aunawa tun farkon lamarin, don shekarun da Inna ta yi a kan keke sun ci mata baya. Amma kullum akwai aikin baƙi mai gaggawa, na gida kuwa ana ganin zai jira.

Inna takan ce, "Ni dai da tef aka sallame ni."

"Taki ta musamman ce, Inna, ba a yi mata garaje."

"To Allah ya sa in ganta da idona."

Sai tari ya kama Mai Awo. Ta ce mura ce, ta ce ƙura ce, har ranar da ta kasa hawa matakalar shagonta. Likita ya ce huhunta ne, ƙurar katako da warin fenti na shekara da shekaru sun yi masa illa, an kuma makara. Yayanta da aminiyarta kaɗai ta gaya wa. Ta mayar wa mutane yadinsu tana ba su haƙuri, ta ce aiki ɗaya ya rage mata, tana so ta ga Inna a cikin kujerarta tun tana da idon gani. Amma ta daina zuwa gidan Inna. Sai dai waya, ita ma a gajarce, kafin tari ya tona ta.

Yayanta ya ce, "Mu je ki sake auna ta."

"Awonta yana kaina."

"Na wace shekara?"

Ta daɗe tana murza alli a yatsunta. "Yaya, in na durƙusa a gabanta za ta ji ƙirjina. Ka bar ni in kai mata abin farin ciki tukuna."

Suka yi kujerar. Allah sarki, a zaune ta yi aikin, tana ɗinka rigar kujerar tana hutawa, yadi shuɗi mai duhu irin wanda Inna take so. Ba ta taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba.

Ranar da suka kai ta, ta sha kwalliya, ta sa riga mai faɗi don ta ɓoye ramarta, ta tsaya can bakin ƙofa. Inna ta shafa yadin, ta juya ɗinkin ta duba, irin duban tela, sannan ta zauna.

Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Suna lilo kamar na yarinya, bayanta kuma bai sami majingina ba. Tsufa ya rage Inna, awon da ke kan Mai Awo na wata mace ce mai tsayi da ƙarfi.

Inna ta dubi ƙafafunta, ta dubi 'yarta. "Ke ba kya kuskuren awo. Zo nan."

Ta zo. Ta cire tef daga wuya ta durƙusa, don ba ta san wani abin da za ta yi ba. Ɗakin ya yi shiru, ba a jin komai sai numfashinta. Inna ta ɗora tafin hannu a bayanta ta bar shi a nan.

"Tun yaushe?"

"Inna, ɗaga ƙafarki kaɗan."

"Na ce tun yaushe?"

Mai Awo ta ja tef zuwa kafaɗar Inna. Ta gama awonta hawaye na ɗiga a kan tef, ta ja layi da alli a ƙafafun kujerar, ta nuna wa yayanta inda zai ƙara soso.

Kafin ya gama gyaran aka kwantar da Mai Awo a asibiti. Inna ta tare a gefen gadon, a kan wata kujerar ƙarfe mai sanyi, ta ce ba inda za ta. Wannan ya fi ciwon damun Mai Awo.

"Inna, ki je gida ki gwada ta."

"Ba gudu za ta yi ba."

"Dubi abin da kike zaune a kai. Wanda ya ƙera wannan bai san mutum yana da baya ba."

"Kwanta ki yi shiru, uwar iyayi."

Da yayanta ya ga ba mai sauka a cikinsu, sai ya ɗauko kujerar a ka, da rana tsaka, ya ratsa barandar asibiti ana kallonsa. Nas ta tare shi ta ce ba a shigo da kayan ɗaki. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, mai ita ce take son duba aikinta." Nas ta leƙa gadon, ta matsa gefe.

Inna ta zauna. Mai Awo ba ta iya ɗaga kai sosai, aminiyarta ta tallafe ta.

"Yaya, dunduniyar?"

"Ta taɓa."

"Ka gani, ko faɗa kake yi?"

Ya durƙusa ya gwada zura yatsa a ƙarƙashin ƙafar Inna, bai shiga ba. Inna ta jingina, kafaɗunta suka sauka, ta saki numfashin da ita kanta ba ta san tana riƙe da shi ba.

"Ta yi, 'yar nan," in ji ta. "Ta yi."

Mai Awo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce a kwantar da ita. Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba, kuma a cikin kujerar nan Inna take zaune, riƙe da hannunta, lokacin da ta cika. Allah ya jiƙanta.