Sunan da Aka Rubuta da Fensir

Wata rana wata jami'a daga ma'aikatar lafiya ta sauka a wani ƙaramin asibitin karkara. Ƙidayar ma'aikata ta kawo ta: wa ya kama aiki, wa ya bari, su nawa suka rage.

Aka haɗa ta da Malam Ɗan'azumi, mai kula da rajistar ma'aikata. Shekararsa ashirin da bakwai a kan kujera ɗaya, har kujerar ta san zamansa.

Dattijon yana da wata al'ada tasa shi kaɗai.

Wanda ya kama aiki, da biro yake rubuta shi. Wanda ya tafi kuwa, da fensir yake sa shi a shafin fita, don ranar da ya dawo a goge kawai. In ba rasuwa ko ritaya ba, biro ba ya taɓa wannan shafin.

Kuma duk wata uku, in zai aika rahoto hedikwata, da 'yan fensir yake lissafawa. A wajensa ba su bar aiki ba, sun dai yi nisa ne.

Ya buɗe littafin, maimakon lissafi sai ya ɓige da labari.

Ga Iliya mai ba da magani, wanda sai ya sa yaro dariya kafin ya yi masa allura. Ga lokacin da su goma sha huɗu suke haɗuwa a gindin mangwaro da azahar, kwano ɗaya, kowa da cokalinsa a aljihu.

Da ya zo kan sunan Sista Tabawa, ungozomarsu, sai muryarsa ta yi ƙasa.

Rabin samari da 'yan matan garin a hannunta suka faɗo duniya. Takwarorinta sun fi goma. Da damina takan riƙe takalmi a hannu ta ratsa rafi don ta karɓi haihuwa.

Tun tafiyarta ɗakin haihuwa yake a kulle. Mace in naƙuda ta zo da gardama, sai a ɗora ta a a-kori-kura zuwa birni. 'Yarsa Hurera ma a hanya ta haihu bara waccan, da ƙyar aka sha, ga shi yanzu tana da wani cikin.

Kuma a duk garin babu wanda ya kai Malam Ɗan'azumi mitar cewa gwamnati ta manta da su.

Jami'ar ta duba takardunta, ta ɗago.

"Baba, ina Sista Tabawa take yanzu?"

"Ta tafi ƙaro karatu, 'yata. Da bakinta ta ce min za ta dawo."

"Yaushe ke nan?"

"Bana shekara shida."

"To Baba, shekara shida ke nan rahotonka yana cewa kuna da ungozoma. Wa zai turo muku wata?"



Ashe ba mantawa da su aka yi ba. Shi ne ya riƙe wa mai tafiya gurbinta, saboda ƙauna, matan gari suna ɗanɗana kuɗarsu a kan hanya.

Ya daɗe yana kallon sunan. Fensirin har ya fara dusashewa.

Sannan ya zaro biro daga aljihun gaba, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Bai ɓoye hawayensa ba.

A wajen kowa, shekara shida da tafiyar Sista Tabawa. A wajensa, ranar ta tafi.

Bayan wata huɗu aka turo sabuwar ungozoma, aka cire kwaɗon ɗakin haihuwa. Hurera ce mace ta uku da ta haihu a ciki, tafiyar minti biyar daga gidan mijinta.

Darasi:

Kewar waɗanda suka tafi ba laifi ba ce. Amma a zuciya ake ajiye musu wuri, ba a rajista ba. Gurbin da ba ka yarda ya zama fanko ba, babu mai zuwa ya cike shi, kuma sau da yawa wasu ne ke shan wahalar jiran da kake yi.

In akwai sunan da har yau kake riƙe da shi da fensir, ka san abin yi.

Ka tura wannan labarin ga wani ma'aikacin lafiya da ka sani, musamman waɗanda suka zauna bayan kowa ya tafi.